Bakkale a Jikin Mutum: Dalilin da Ya Sa Maganinta Ke Cin Mako Shida

Akwai wani zazzaɓi da ke wahalar da jama'a a ƙasashenmu ba tare da an kira shi da sunansa ba. Da safe mutum zai tashi da dama-dama, har ya fita nema. La'asar na yi jiki ya ɗau zafi, sanyi ya rufe shi, cikin dare kuma gumi ya jiƙa riga da shimfiɗa. Ga ciwon baya, ga ciwon gaɓoɓi, ga kasalar da ko buta ba ya son ɗagawa. An sha maganin maleriya, ba a ga canji ba. An ce taifod ne, an sha kafso na kwana bakwai, ciwo ya lafa, an yi hamdala. Bayan mako biyu ko uku sai ga shi ya dawo. Wata uku, wata shida, mutum na ta ramewa, har dangi su fara zancen sammu ko iska.

Ba duk zazzaɓi mai irin wannan hali ne bakkale ba, domin tarin fuka da wasu cututtuka ma kan zo da kamanninsa. Amma in mai ciwon makiyayi ne, ko mahauci, ko malamin dabbobi, ko mai kiwon awaki a gida, ko mai shan nonon da ba a dafa ba, to wajibi ne a sa bakkale a lissafi. Makiyaya sun daɗe da saninta a jikin shanu: saniya ta yi ɓari bayan ciki ya tsufa, mabiyiya ta ƙi faɗowa, gwiwa ta kumbura ta tara ruwa, nono ya ja baya. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, ƙwayar da ke zubar da cikin saniya tana kama ɗan Adam, ta zauna a jikinsa wata da watanni. Likitoci suna kiran cutar burusalosis, ƙwayar bakteriyar da ke kawo ta kuma Burusela. An daɗe ana ƙiyasin mutum 500,000 ne ke kamuwa da ita duk shekara a duniya, sai wani nazari da aka buga a 2023 ya ɗaga adadin zuwa kimanin miliyan 2.1, mafi yawansu a Afirka da Asiya.

Wahalar gano wannan cuta da wahalar maganinta duk daga tushe ɗaya suka fito: Burusela tana zama ne a cikin ainihin ƙwayoyin jinin da aikinsu shi ne kashe ta. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin tafiya da dawowar zazzaɓin, da dalilin da ya sa likita ke haɗa magani biyu, da dalilin da ya sa jin sauƙi bayan mako guda ba ya nufin an warke.

Daga awakin Malta zuwa garken shanu

A ƙarni na 19 sojojin Birtaniya da ke tsibirin Malta sun sha fama da wani zazzaɓi mai kwantar da mutum watanni. A 1887 wani likitan soja, David Bruce, ya ware ƙwayar cutar daga saifar sojan da ciwon ya kashe. An ga ƙwaya, amma ba a san ta inda take shiga mutane ba, har sai 1905, lokacin da wani likita ɗan tsibirin, Themistocles Zammit, ya gano cewa awaki masu ƙoshin lafiya a ido suna ɗauke da ita, kuma tana fita a nononsu. A lokacin al'adar Malta ita ce a koro awaki ƙofa-ƙofa, a tatsa a gaban mai saye, a sha da ɗuminsa. Da aka hana sojoji ɗanyen nonon akuya a 1906, sai cutar ta kusa ɓacewa daga barikoki.

A Denmak kuwa, wani likitan dabbobi, Bernhard Bang, ya riga ya ware ƙwayar da ke sa shanu ɓari tun 1897. Ba wanda ya haɗa ta da zazzaɓin Malta sai wata masaniya 'yar Amurka, Alice Evans, wadda ta nuna a 1918 cewa ƙwayoyin biyu 'yan gida ɗaya ne, don haka ɗanyar madarar shanu ma na iya cutar da mutum. An yi mata ca, musamman masu sana'ar madara, kafin gaskiyarta ta bayyana. Ita kanta ta kamu da cutar a wurin aikinta a 1922, ta yi ta fama da tashinta lokaci-lokaci sama da shekara 20, domin a zamanin babu maganin da ke kaiwa gare ta.

Nau'i huɗu ne suka fi kama mutum: na awaki da tumaki, wanda raƙuma ma ke ɗauka, shi ne ya fi tsanani, sai na shanu, sai na aladu, sai na karnuka, wanda bai cika yawa ba. A Najeriya an fara ba da rahoton cutar a shanu tun 1927, kuma galibin ƙwayoyin da masu bincike suka ware a ƙasar nau'in shanu ne.

Hanyoyin shigarta

Babbar hanya ita ce baki: madarar saniya, akuya ko raƙuma da ba a tafasa ba, da abin da aka sarrafa daga irin wannan madara, kamar ɗanyen cuku da man shanu. Tsamin nono yana rage ƙwayar, amma ba ya ba da tabbacin ya gama da ita. Hanya ta biyu ita ce fata da ido. Ɗan tayin da aka zubar, da mabiyiya, da ruwan haihuwa, nan ne ƙwayar ta fi taruwa, domin mahaifar dabbobin kiwo na ɗauke da wani nau'in sukari da Burusela ke so ƙwarai. Makiyayin da ya sa hannu tsirara ya ciro mabiyiya, ko mahaucin da ke feɗe dabba da yanka a yatsa, ya buɗe mata ƙofa. Hanya ta uku ita ce numfashi, kuma ƙwaya 10 zuwa 100 kacal sun isa su kwantar da mutum. Shi ya sa take cikin cututtukan da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje suka fi ɗauka a bakin aiki. A 2019 iskar da ta fita daga wata masana'antar rigakafin dabbobi a birnin Lanzhou na ƙasar Sin ta sa gwaji ya nuna alamar kamuwa a jikin mutum sama da 10,000.

Daga mutum zuwa mutum kuwa da wuya take yaɗuwa. Ba a ɗaukarta ta gaisawa ko cin abinci tare, don haka ba dalilin ƙyamar mai jinya. Alamu sukan bayyana mako biyu zuwa huɗu bayan kamuwa, wani lokaci mako guda, wani lokaci har wata biyu.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda aikinsu haɗiye duk baƙon da ya shigo, masana na kiransu makurofaj. Idan ƙwayar haɗiya ta kama bakteriya, sai ta kulle ta cikin wata 'yar jaka, ta zuba mata tsami, sannan ta haɗe jakar da wata mai ɗauke da sinadaran narkarwa. A haka yawancin bakteriya ke ƙarewa.

Burusela tana tsallake wannan tarko ta hanyoyi uku. Na farko, ba ta tayar da hankalin jiki idan ta shigo. Bakteriya irin ta taifod tana da wani sinadari a ɓawonta wanda garkuwar jiki ke ganewa nan take, a yi gangami a kanta. Na Burusela siffarsa ta bambanta, ƙararrawar da yake kaɗawa mai rauni ce, don haka sai ta samu lokacin bin kaluluwa da jini ta bazu kafin jiki ya farga.

Na biyu, ba duka ke mutuwa a cikin jaka ba. Gwaje-gwaje sun nuna cewa ƙwayoyin haɗiya na kashe mafi yawan Burusela a sa'o'in farko, amma tsirarun da suka rage tsamin jakar ne ma ke farkar da su. Sai su fito da wani ɗan bututu, su riƙa tura sinadaransu cikin ƙwayar da ta haɗiye su, su karkatar da jakar daga hanyar narkarwa zuwa sashen da ƙwayar ke ƙera furotin ɗinta. A can babu mai taɓa su, ga abinci, sai su shiga hayayyafa.

Na uku, suna hana ƙwayar da suka shiga mutuwa. A ƙa'ida, ƙwayar jikin da ta kamu da cuta takan kashe kanta don ta hallaka tare da baƙon. Burusela tana toshe wannan umarni, gidanta ya daɗe yana raye. Lamarin ya zama kamar ɓarawon da ya tare a ɗakin mai gadi: ana ta bincike a tsakar gida da soro, ba wanda ya yi tunanin leƙa inda yake kwance.

Wuraren da ƙwayoyin haɗiya suka fi yawa, wato saifa, hanta, ɓargo da kaluluwa, su ne matattarar cutar. Daga can takan ɓallo cikin jini lokaci-lokaci, zazzaɓi ya tashi, jiki ya danne abin da ya fito, zazzaɓi ya kwanta, na ɓoye kuma suna nan.

Jiki fa ba ya zama haka kawai. Ƙarfinsa na gaske a wannan yaƙi yana hannun wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T. Idan suka gane akwai baƙo a ciki, sai su saki wani sinadari, intaferon gama, wanda ke zaburar da ƙwayoyin haɗiya su ƙara ƙarfin kisa. Wasu daga cikinsu kuma suna fasa ƙwayar da ta kamu gaba ɗaya. Inda abin ya gagara, sai jiki ya tara ƙwayoyin garkuwa su kewaye wurin, su yi ɗan ƙulli a hanta ko saifa ko ɓargo. Ƙullin yana tsare cutar, amma ba kullum yake gamawa da ita ba. Ita ma Burusela tana ingiza jiki ya ƙara fitar da sinadaran da ke sanyaya garkuwa. Idan ɓangaren zaburarwa ya rinjaya, ciwon kan zo da sauƙi, wani ma bai san ya kamu ba. Idan na sanyayawa ya rinjaya, ciwo ya zama na zaune.

A nan ne take samun damar sauka a wata gaɓa ta yi kaka-gida. Ƙashi da gaɓoɓi ne suka fi shan wahala: mahaɗar ƙugu da ƙashin baya, gwiwa, da ƙashin bayan kansa, inda ake yawan ɗaukarta a matsayin tarin fuka na ƙashi. Wasu maza 'ya'yan marainansu kan kumbura da zafi. Mai ciki na iya ɓari ko haihuwar bakwaini. Kaɗan daga cikin masu ciwon takan taɓa musu ƙwaƙwalwa da laka. Mafi haɗari shi ne ta kama 'yan ƙyauren da ke cikin zuciya. Wannan ba ya yawa, amma shi ne sanadin mafi yawan mace-macen da cutar ke jawowa. Gaba ɗaya waɗanda take kashewa ba su wuce 2 cikin 100 ba. Ɓarnarta ta fi yawa a ƙarfin da take cinyewa, da damina da kasuwar da ke wuce mutum yana kwance.

Abin da gwajin jini ke faɗa da wanda ba ya faɗa

Ban da ƙwayoyin T, jiki yana ƙera sinadaran kariya da ke yawo a ruwan jini, wato antibodi. Cikin makon farko nau'in IgM ke fitowa, daga mako na biyu IgG ya biyo baya. Waɗannan suna kama Burusela idan ta fito fili, amma ba sa shiga cikin ƙwayar haɗiya. Saboda haka amfaninsu ga likita ya fi amfaninsu ga majinyaci: ba su isa su warkar ba, amma suna ba da shaidar cewa jiki ya gamu da cutar.

Gwajin Rose Bengal shi ne mafi sauƙi da araha. Ana gauraya ɗigon ruwan jini da ɗigon matattun ƙwayoyin Burusela masu launi, in akwai antibodi sai a ga sun dunƙule cikin 'yan mintuna. Akwai kuma gwajin da ake tsarma ruwan jinin mataki-mataki don a ga yawan antibodin. Galibi ana ɗaukar 1:160 a matsayin mizani, a yankunan da cutar ta yi yawa kuma wasu likitoci kan ɗaga shi zuwa 1:320.

Sai dai sakamakon takarda kaɗai ba ya yanke hukunci. Makiyayin da ya tashi cikin shanu na iya samun antibodi daga tsohuwar kamuwa alhali zazzaɓinsa na yau maleriya ce. Wasu bakteriya, ciki har da ta kwalara, ɓawonsu ya yi kama da na Burusela, har gwaji ya ruɗe. A ɗaya gefen kuma, wanda ya daɗe da ciwon na iya samun sakamakon da ya ce babu, domin a tsohon ciwo akan samu nau'in antibodin da ba ya dunƙulewa, sai an yi wani gwaji na musamman. Hujja mafi ƙarfi ita ce a shuka jini ko ɓargo a ga ƙwayar ta tsiro. Amma tana da jinkirin girma, kuma wanda ya riga ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ya rage damar ganinta. Don haka likita yana haɗa abu uku ne: sana'ar mutum da abin da yake ci da sha, alamun da ya zo da su, sannan gwaji.

Me ya sa magani biyu, me ya sa mako shida

Maganin da zai yi wa bakkale aiki dole ya cika sharaɗi biyu: ya iya ratsawa cikin ƙwayar haɗiya, kuma ya jure tsamin jakar da Burusela ke ciki. Dangin fenisilin, irin su amoksisilin, ba sa taruwa a cikin ƙwayoyin jiki yadda ake buƙata. Sifurofuloksasin, wanda ake yawan bayarwa don taifod, yana shiga, amma tsami yana rage masa ƙarfi, kuma in shi kaɗai aka sha cutar takan dawo. Nan ne ruɗani ke shigowa. An yi gwajin taifod na Widal, an ce taifod, an ba da magani na kwana bakwai, ya danne Burusela na ɗan lokaci, zazzaɓi ya sauka, kowa ya gamsu cewa taifod ɗin ne. Da ya dawo sai a ce taifod ya sake tashi, a maimaita.

Ginshiƙin magani shi ne doksisaikilin, domin yana shiga ciki kuma yana aiki a cikin tsami. Amma hana ƙwayar hayayyafa yake yi fiye da kashe ta, don haka ake haɗa masa abokin aiki. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ga babba wanda ciwon bai taɓa masa wata gaɓa ba shi ne: doksisaikilin miligiram 100 sau biyu a rana har kwana 45, wato mako shida da 'yan kwanaki, tare da allurar sitireftomaisin giram 1 kullum har kwana 15. Ana iya maye gurbin wannan allura da jentamaisin na kwana 7 zuwa 10. Hanya ta biyu, wadda ba allura a cikinta, ita ce doksisaikilin tare da rifamfisin miligiram 600 zuwa 900 a rana, su biyun har kwana 45. An kawo waɗannan adadi ne don mai karatu ya ga nauyin aikin. Zaɓen magani da auna shi aikin likita ne, bayan ya duba nauyin mutum, ƙodarsa, hantarsa da sauran magungunan da yake sha.

Tsawon lokacin kuwa saboda Burusela mai jinkirin girma ce, wasu ma kwance suke a maɓoyarsu ba sa motsi, magani kuma ya fi cin ƙwayar da ke aiki. Dole ya kasance a jini kullum har sai na ƙarshe ta motsa ta same shi. Zazzaɓi kan sauka cikin kwanakin farko, ci ya dawo, barci ya daidaita. Wannan sauƙi shi ke yaudarar mutane su ajiye magani a mako na biyu, alhali waɗanda suka mutu na fili ne kawai.

Kowace hanya da ribarta da wahalarta. Haɗin da ke da allura ya fi rage dawowar ciwo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne rifamfisin yana sa hanta ta yi saurin sarrafa doksisaikilin, ƙarfinsa a jini ya ragu. Amma allurar kullum na buƙatar ma'aikacin lafiya a kusa, abin da ba kowace ruga ke da shi ba, kuma tana iya taɓa ji da ƙoda. Duk wanda ya fara jin ƙara a kunne ko jiri ya gaya wa likita nan da nan. Rifamfisin yana mayar da fitsari, gumi da hawaye ja-ja, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin lura shi ne yana raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa da wasu magungunan cutar ƙanjamau, kuma idan ido ya yi rawaya a koma asibiti. Doksisaikilin ana shan sa da ruwa mai yawa, ba a kwanciya nan take bayan an sha, kuma a raba shi da madara, da maganin ƙarin jini, da maganin gyambon ciki mai kashe tsami, da kamar sa'a biyu, domin suna rage shigarsa jini. Ga wanda fura da nono ne abincinsa na yau da kullum, wannan magana ce da ya kamata a yi masa dalla-dalla.

Akwai waɗanda tsarinsu daban ne. Mai ciki ba a ba ta doksisaikilin, yaro ƙasa da shekara 8 ma ana kauce masa saboda haƙora da ƙashi. A nan akan koma ga kotirimokzazol, wanda aka fi sani da Septrin, da rifamfisin, gwargwadon yadda likita ya ga ya dace da watannin cikin ko shekarun yaron. Idan ciwon ya kama ƙashin baya, magani yakan kai wata uku ko fiye. Idan ya taɓa ƙwaƙwalwa, akan haɗa magani uku na tsawon watanni. Na zuciya kuwa sau da yawa sai an haɗa da tiyata.

Idan ciwo ya dawo

Ko da an bi ƙa'ida, kimanin mutum 5 zuwa 15 cikin 100 ciwon kan dawo musu, galibi cikin shekarar farko. Yawanci ba wai ƙwayar ta daina jin magani ba ne. Ko dai wasu sun tsira a maɓoya, ko an tsallake kwanaki, ko akwai wani gurbi a ƙashi da ba a gano ba. Shi ya sa magungunan farko kan sake yin aiki idan aka maimaita su cikakke. Akwai kuma sabuwar kamuwa: garkuwar da mutum ke samu bayan ya warke ba cikakkiya ba ce, wanda ya koma shan ɗanyen nonon garken da ya ba shi ciwo zai iya sake ɗauka.

A ɗaya ɓangaren, antibodi kan daɗe a jini watanni, har shekaru, bayan an warke. Ganin gwaji ya nuna alama ba dalili ba ne na sake shan magani. Abin da likita ke dubawa shi ne dawowar alamu da hauhawar IgG bayan ya riga ya sauka. Wasu kuma kasala da ciwon jiki kan bi su na wani lokaci ba tare da ƙwayar tana raye ba, kuma ƙarin kafso ba ya yi musu komai sai illa.

Akwai wata amana da ta rataya a kan rifamfisin: shi ne ƙashin bayan maganin tarin fuka. Mutumin da ke da tarin fuka, aka zaci bakkale ce, aka ba shi rifamfisin ba tare da sauran abokan haɗinsa ba, an buɗe wa ƙwayar tarin hanyar bijire wa magani, kuma wannan bijirarriyar ƙwaya za ta bi iska ta shiga maƙwabta. A ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa irin namu, dole a tabbatar ba shi ba ne kafin a fara. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum zuwa kemis ya haɗa wa kansa maganin bakkale.

Toshe ta daga garke

Har yau a yawancin ƙasashe babu rigakafin bakkale da aka amince a yi wa mutane. Na dabbobi ne ake da su: S19 da RB51 na shanu, da Rev.1 na awaki da tumaki. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana sarrafa S19, wanda ake yi wa 'yan maruƙa mata tun suna ƙanana. Waɗannan rigakafi rayayyun ƙwayoyi ne da aka raunana, suna iya sa dabba mai ciki ɓari, kuma wanda allurar ta soke shi bisa kuskure ya nemi likita, ya faɗa masa sunan rigakafin, domin RB51 ba ya jin rifamfisin, Rev.1 kuma ba ya jin sitireftomaisin.

Dabbar da ta kamu ba ta warkewa da allurar da ake saye a kasuwa. Sau da yawa ɓari ɗaya take yi, daga baya ta riƙa haihuwa lafiya, amma tana ci gaba da fitar da ƙwayar a nono da ruwan haihuwa. Kai ta kara a sayar wa mai kiwo tura ciwo ne gidan wani.

Abin da ke hannun kowa ba shi da tsada. A tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da ita ta zama nono, tafasa ɗaya tana kashe Burusela. Madarar kamfani da aka ɗumama zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15 ma ta tsira. Nonon raƙumi da ake sha ɗanye don neman lafiya yana ƙarƙashin wannan hukunci. Naman da ya dahu sosai ba shi da matsala, amma a guji ɗanyar hanta da saifa. Mai taimakon dabba wajen haihuwa ya sa safar hannu, in babu ko leda ce ya ɗaura, ya wanke da sabulu. Ɗan tayi da mabiyiya a binne su da zurfi inda kare ba zai tono ba, kada a jefa su kusa da rijiya ko mashaya, domin ƙwayar na rayuwa makonni a wuri mai laima da inuwa. Dabbar da ta yi ɓari a ware ta, a kira malamin dabbobi.

Ga wanda zazzaɓi ya ƙi rabuwa da shi, taimakon da zai yi wa likita shi ne ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba: ina kiwo, ina fawa, muna shan nonon da ba a dafa ba, shanunmu sun yi ɓari bana. Idan aka tabbatar da cutar a jikin mutum ɗaya, a duba sauran mutanen gidan da suke sha daga ƙwarya ɗaya, a kuma sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi su duba garken. Idan an fara magani, a rubuta ranar farawa da ranar gamawa, wani na gida ya riƙa tunatarwa safe da yamma, kuma kada a ajiye shi sai kwana 45 sun cika ko likita ya ce a tsaya.